Gorar da Muka Rataye a Sikelin Jarirai

Cikin duk ranakun da na yi ina aiki a ɗan asibitin unguwarmu na Samaru, nan Zariya, akwai wata Laraba da ta ƙi fita daga raina: ranar da na sa gorar ruwa a cikin wandon awon jarirai na rataye ta a sikeli, mata cike da benci suna kallona suna zaton na taɓu. Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu kun tarar ana ja wa gorunan mata jan layi, kuna yi kuna ƙorafin ɓata lokaci. To ga inda abin ya samo asali, don kada in na bar aiki wani ya zo ya ce muku shi ya ƙirƙiro shi a taron bita.

Ni ba nas ba ce, ban kuma taɓa cewa ni ce ba. Sakandare na gama, na yi aure, na zauna a ɗakina ina rainon 'ya'ya. Sai da autata Sadiya ta shiga firamare sannan maigidan ya yarda in karɓi aikin atanda, kwana uku a mako, da sharaɗin in dawo kafin la'asar in ɗora tukunya. Ga wanda bai san tsarin ba: a sama akwai jami'in shiri, wanda ke zuwa daga ofis yana zagaya ƙananan asibitoci irin namu. Ƙarƙashinsa Sista mai kula da wurin, sai ma'aikatan lafiya biyu masu allura da rubuta magani, sai ni. A ƙasana babu kowa sai bokitin shara. Aikina in share, in jera mata a benci, in auna yara in faɗi nauyin a rubuta a kati, in kuma maimaita wa mata da Hausar gida abin da aka faɗa musu da Hausar ofis.

Sistarmu a lokacin ita ce Sista Comfort. Iyayenta mutanen kudu ne, amma a Muchia ta Sabon Gari aka yanke mata cibiya, Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yanmu, sai in ta fusata ne take komawa Turancin buroka. Tana da wata koriyar kwalba a kan teburinta. An ɓamɓare takardar jikinta, amma ko makaho ya shafa ya san kwalbar giya ce. Da ita take koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari idan yaro yana gudawa: cikin kwalbar nan ɗaya na ruwa, gishiri kaza, sukari kaza. Haka aka koya mata tun tana budurwa, kuma a layinsu na Sabon Gari samun irinta ba wuya. A Samaru da Bomo kuwa, ko matar da take da ita ba za ta ce tana da ita ba.

Kwalbar nan ta tsaya mini a rai. Kullum in ina goge teburin sai in zagaye ta kamar najasa. Ina faɗin wannan ne don ku san ni ma da hannuna a cikin abin da ya biyo baya.

Farkon daminar shekarar aka turo mana sabon jami'in shiri, Malam Sanusi. Matashi ne, digiri biyu, takalmi mai ƙyalli wanda bai taɓa gaisawa da taɓon Samaru ba. Ya zo da kwalaye na sabon magani. Gishirin da sukarin an riga an haɗa su a ɗan fakiti, kowane fakiti a juye shi a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, shi ke nan. Ni kuma na ga dama ta samu, na bi shi har gindin mota na ce Yallaɓai, don Allah kwalbar nan ta kan tebur, nan fa matan aure ke zama. Ya yi murna kamar na ba shi ragon layya. Ya ce ai ba ita kaɗai ba.

"Daga yau babu kwalba, babu kofi, babu ludayi," in ji shi. "Duniya ta wuce nan. Lita za mu koya musu."

Sista Comfort ba ta yi musu ba. Ta sa kwalbarta a jaka, ta ce to a bari ta riƙa gaya wa mata su zuba ruwan leda guda biyu, tunda kowace leda an rubuta santilita hamsin a jikinta, biyu kuwa sun yi lita. Ya ce a'a, ruwan leda ba ma'auni ba ne, wani kamfani yana cikawa wani yana ragewa. A nan ban ce ya yi ƙarya ba. Ya ce zai kawo mana ma'auni na gaskiya, kuma ya cika alkawari. Mako na gaba sai ga shi da babban kofin awo na farar roba, da zane-zanen lamba daga ƙasa har sama. An rubuta masa lambar kayan gwamnati da fenti a gindi. Ya ɗaga shi sama muka gani, kamar an ga wata, sannan ya sa shi a kabad ya kulle ya jefa makullin a aljihu. Ya ce shi ya sa hannu a kansa, in ya ɓata shi za a tambaya.

Larabar da ta biyo baya ya tara mata ya yi musu lacca. Ni nake riƙe da kwalin alli, don haka na ji komai, kuma tsakani da Allah abin da ya faɗa yana da kyau. Ya ce wannan tsarin awo duk goma-goma yake tafiya, babu wani lissafin sha biyu ko sha shida da zai ruɗa mutum. Tsawo da mita ake aunawa, nauyi da giram, ruwa da lita. Sai a liƙa musu wasu 'yan kalmomi a gaba. In ka ji kilo, to dubu ne: giram dubu kilo ɗaya, mita dubu kilomita ɗaya. In ka ji santi, an raba abin gida ɗari. In ka ji mili, an raba shi gida dubu, shi ya sa mililita dubu suke lita ɗaya, kuma ɗan murfin maganin tarin yara mililita biyar ko goma ne. Ya ce mudun kasuwar Samaru da na Sabon Gari ba lallai su zo ɗaya ba, amma lita ɗaya ce ko a Zariya ko a Makka. Ya kuma ja musu kunne cewa masu ruwan leda ba su da awo. Da ya ga muna kallonsa baki buɗe sai ya ƙara da wata don burgewa: wai in ka ƙera akwati mai santimita goma ta kowane ɓangare, ruwan da zai cika shi lita ɗaya ne, kuma nauyin ruwan nan kilo ɗaya cif. Sai na tuna malamin kimiyyarmu ya taɓa faɗa mana haka a aji uku, na ji daɗi a raina cewa ashe kaina bai mutu a kicin ba.

Ya shafe fiye da awa ɗaya. Yara suna kuka, wata tana gyangyaɗi, wata tana lissafin wankin da ta bari a jiƙe. Da ya gama ya ce kun gane? Suka haɗa baki suka ce mun gane, kamar yadda mata suke cewa ga duk mai takalmi. Wata tsohuwa da ta rako jikarta ce kawai ta yi ƙarfin hali ta tambaya ko litar nan ta kai kwanon sha. Ya yi murmushi irin na wanda aka ɓata wa lokaci ya ce, "Baba, lita lita ce." Kofin yana cikin kabad a bayansa, bai fi taku uku ba. Daga ranar mata suka raɗa masa Malam Mililita.

Yanzu ga Talatu. Yarinya ce mai kunya daga wajen Bomo, haihuwarta ta farko, 'yarta Ummi wata goma. Ran Litinin ta kawo ta da gudawa. Aka duba, aka ga abin bai yi nisa ba, aka ba ta fakiti huɗu. Ni da bakina na ce mata kowane ɗaya a lita ɗaya, kamar yadda aka umarce mu. Ta ce ba damuwa Anti, Baban Ummi fetur yake sayarwa a bakin titi, lita kam a gidansu take kwana. Na ce ma sha Allah, ga wadda ta huta. Har na ba wa Sista labari ina dariya.

Ran Laraba da hantsi, ana tsakiyar awo, sai ga Talatu ta shigo ba sallama. Ta kwance goyon. Idanun yarinyar sun zurma, leɓɓanta sun bushe sun tsattsage, tana kuka amma ba hawaye, tana wawurar duk abin da ta gani kamar kofi. Na rataye ta a sikeli na ga ta ragu a kan na Litinin. Ɗaya daga cikin ma'aikatan lafiyar ya hau Talatu da faɗa, wai ku matan nan ana ba ku magani kyauta kuna jefawa ƙarƙashin gado. Ta rantse tana kuka ta ce ko sau ɗaya ba ta fasa ba, yarinyar tana neman sha tana ba ta, in ta yi amai ta sake ba ta. Ta zaro gora daga cikin hijabi da sauran haɗin a ciki ta ajiye a tebur.

Sista Comfort ta ɗiga a tafin hannunta ta lasa, sai ta tofar. Ta ce wannan ya fi hawaye gishiri, kuma haɗin da aka yi daidai ba ya wuce hawaye. Ta tambayi fakiti nawa ta zuba, Talatu ta ce ɗaya. Ga wanda ba ɗan aiki ba, abin da ake tsoro shi ne: in ruwan ya yi kaɗan gishirin sai ya yi yawa, maimakon ya mayar wa yaro ruwan jikinsa sai ya ƙara masa ƙishi, uwa kuma ta ga yana nema ta yi ta ɗura masa. Nan take Sista ta ce a daina ba ta wannan, ta sa Talatu ta ba ta nono, ta zauna tana rubuta takardar tura su babban asibiti, don yarinyar ta wuce ƙarfinmu, sai an ƙara mata ruwa ana lura da ita.

A nan aka samu matsala. Mijin, Malam Iliya, yana waje a kan mashin ɗinsa. Da aka kira shi aka gaya masa, sai ya ce babu inda za a kai masa 'ya. Ya ce lafiya-lafiya tana ɗan zawonta muka ba ta maganinmu ya lalata ta, yanzu kuma mu ce a kai ta wurin manyanmu su ƙarasa. Gida zai mayar da ita, akwai jiƙon da innarsa take yi. Talatu ta sunkuyar da kai. Mun san in ya ce ta hau mashin za ta hau, kuma mun san yarinyar nan ba lallai ta kai Juma'a a kan jiƙo ba.

Sista ta ɗaga gorar ta ce masa ba maganin ba ne, ruwan ne bai kai ba. Ya kalle ta sama da ƙasa.

"Lita ne," ya ce. "Shekara tara ina sana'ar nan. Ke za ki koya mini lita?"

Kuma in ka kalli gorar ba za ka ƙaryata shi ba. Doguwa ce, sabuwa fil, ba ta taɓa ganin fetur ba. Abu ɗaya ne zai raba gardamar, yana kuma cikin kabad a kulle. Malam Sanusi yana Kaduna wurin taron bita na kwana uku, a kan yadda za a sauƙaƙa wa iyaye mata saƙon lafiya. Sista ta kira shi. Ya ɗauka yana raɗa, ya ce suna tsakiyar zama, kuma kada wanda ya kuskura ya ɓalle kabad ɗin gwamnati ba tare da izini a rubuce ba. Abin da Sista ta ce bayan ta kashe wayar da buroka ta faɗe shi, na gode Allah ba duka nake ji ba.

Ta sa aka sayo ruwan leda, ta zubar da haɗin ta ɗauraye gorar, ta juye leda ɗaya a ciki. Ta fara juye ta biyu ke nan gorar ta kawo wuya. Malam Iliya ko gezau. Ya ce masu ruwan leda ba su da awo, ai Talatu ta ba shi labari ogan namu ma da kansa ya faɗa a ranar lacca. Kun ga amfanin lacca. A duk awa ɗayar nan, wannan ce kaɗai ta isa Bomo.

Ina tsaye da wandon awo a hannuna, irin mai igiyar nan da muke zura yaro a ciki mu rataye, sai maganar akwatin nan ta faɗo mini. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ba mu da kofi, amma muna da sikeli, kuma sikeli ba a kulle shi don ba wanda ke ganin darajarsa. Na karɓi gorar na zubar da ruwan, na sa ta ba komai a cikin wandon, na murɗa allurar sikelin ta koma sifili. Sannan na ce wa Talatu ta cika ta daidai inda take cikawa. Ta zuba zuwa kafaɗar gorar ta tsaya, ta ce nan Baban Ummi ya nuna mata, nan yake tsayawa in yana zuba wa mutane. Na rataye. Matan benci suka fara ƙus-ƙus, wata ta ce yau kuma gora aka haifa.

Allura ta tashi ta tsaya a giram ɗari shida.

Na sauke ta, na sa sababbin ledojin ruwa biyu a wandon na rataye. Allura ta wuce ta je ta zauna a kan kilo ɗaya. Na ce Malam Iliya ya matso ya duba da idonsa, tunda shi ma'abocin lamba ne. Na ce wannan sikelin shi ya auna 'yarsa tun ranar da aka fara kawo ta, bai taɓa cewa ya yi ƙarya ba.

Ban so in tozarta shi a gaban mata ba, ga matarsa a wurin. Na ce ya zo, muka koma gindin dalbejiyar bakin ƙofa. Na rage murya na ce, "Malam Iliya, ni ban tambaye ka abin da kake zuba wa 'yan acaɓa ba, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne. Amma kwana biyu ke nan 'yarka tana shan litarka."

Ya mayar da ido kan tayar mashin ɗinsa. Da ya buɗe baki da ƙyar nake jin sa. Ya ce su masu fetur, gorunan in sun sayo su sababbi sai su tsoma su a ruwan zafi, su ɗan tsuke, ido ba ya ganewa. Kowa a layin haka yake yi, in ba ka yi ba ba za ka ci abinci ba. Da Talatu ta ce ya ba ta lita, cikin waɗanda ya riga ya tsoma ya ɗauko mata mai tsabta. Ya san ba ta kai ba. Ya ɗauka in ruwa ya yi kaɗan maganin ƙarfi zai ƙara, yarinya ta warke da wuri. Kuma ta yaya zai dubi matarsa ya ce mata litar da yake ciyar da ita da ita ba lita ba ce? Ya share fuska da hularsa, ya taka mashin ya ce Talatu ta ɗauko takardar.

Kwana uku Ummi ta yi a babban asibiti ana ƙara mata ruwa. Allah Ya yi da sauran shan ruwanta a duniya. Ranar da na ji an sallame su na yi nafila raka'a biyu a ɗakin ajiyar magani, don na san wace ce ta ce wa Talatu ma sha Allah ga wadda ta huta.

Malam Sanusi ya dawo da sabuwar jaka mai tambarin taro. Aka ba shi labari, ya girgiza kai, ya zauna ya rubuta rahoto shafi huɗu. Sista ta karanta mini. Musabbabin abin, a cewarsa, ƙarancin ilimin iyaye mata ne game da tsarin awo na zamani, maganinsa kuma a ƙara shirya lacca. Ba a ambaci kabad ba ko a layi ɗaya.

Mu kuma ba mu jira rahoto ba. Sista Comfort ta kawo jan farcenta daga gida. Duk matar da za a ba fakiti sai mu ce ta kawo abin da za ta haɗa a ciki, gora ce ko kwano ko jarka. In rataye shi ba komai in mayar da allura sifili, in yi ta zuba ruwa har ya kai kilo ɗaya, Sista ta ja jan layi a daidai wurin. Da farko Malam Sanusi ya ce wannan ba ya cikin tsari. Da ya ga mata suna zuwa da gorunansu har daga Jushi, sai ya zo da waya ya ɗauki hoto, ya ce in ɗan matsa gefe ina tare haske. Na ji an ce hoton ya je taro, kuma bayan shekara aka ƙara masa girma. Ranar da ya miƙa aiki aka buɗe kabad aka ƙirga kofin, yana nan lafiya lau, ko ɗigon ruwa bai taɓa shiga cikinsa ba.

Na nemi Sista gafara a kan kwalbarta. Na san ba za ta yi daidai da sabon fakitin ba, amma da na kai ƙararta ba kwalba kaɗai na sauke daga teburin ba, na sauke al'adar nuna wa mace abin da za ta iya riƙewa a hannu. Ta yi dariya ta ce, "Maman Sadiya, kwalba ba ta shan giya. Mutum ke sha." Har yau ba na son ganin kwalbar, amma na daina zagaye tebur.

Bayan kamar mako biyu da sallamar Ummi sai ga Malam Iliya da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa da babbar gora guda ɗaya a leda, ya ce don Allah a ja masa layin. Na auna, Sista ta ja. Ina miƙa masa na ce to sauran fa, na bakin titi? Ya karɓi gorarsa ya duba layin da kyau, ya ce wannan ta gida ce.

"Waɗancan na mashin ne, Hajiya. Mashin ba ya gudawa."

Na yi masa addu'ar shiriya, na yi wa kaina. Lita dai ɗaya ce ko a Zariya ko a Makka, wannan Malam Sanusi bai yi ƙarya ba. Amma kafin ta isa bakin yaro sai ta bi ta kabad ɗin wani, ta bi ta hannun mijin wata, ta bi ta bakin atanda irina. Don haka ku da kuke kan aikin yanzu, in mace ta ce muku ta gane, ku yi mata fara'a, ku ce madalla. Sannan ku ce ta kawo gorar.